Wayar Inno Ta Daina Barci

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, ranar kasuwar Dutsin-Ma. Tun asuba ake tsuga ruwa, sai wajen hantsi ya koma yayyafi, ya bar gari da caɓi, 'yan kabu-kabu duk sun naɗe ƙafar wando. Ina zaune a shagonmu na gyaran waya kusa da tasha, na tasa wata waya da ta faɗa kwata a gaba, amma idona yana kan tawa, inda saƙon Mardiya yake hararata tun jiya.

"Bilya in ba ka da kati ka faɗa mani. Ni ba 'yar filashin ba ce."

Jama'a, ni fa? Ni Bilya, mai filashin?

Ga wanda yau ya fara karanta ni: a aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye jaka, don benci ba ya riƙe ni. Na yi kabu-kabu, na sayar da kankana, na yi wata uku a wajen wani mai walda na gudu. Gyaran waya ne kaɗai ya iya zaunar da ni wuri ɗaya, shi ma don kullum ciwon da ake kawowa daban ne. Mardiya kuwa ɗiyar Malam Sabi'u ce, mai makarantar allo a Rawayau. Ba ta da wayar kanta, da ta kakarta Inno muke magana. Malam bai san da ni ba. Abin da ya sani shi ne ya ce mata ta fito da miji kafin a gama girbin gero, kuma akwai wani Mas'ud, mai sayen hatsi daga Karofi, da ke zuwa ƙofar gidan da sabon babur da farar shadda. Sunan mutum ɗaya za ta kai wa mahaifinta. A wannan safiyar ban da tabbacin nawa ne.

Abin haushin, ina kira. Wallahi ina kira har ta gaji da ringin ta katse. Ita kuma can sai dai ta ga alamar an kira ba a samu ba. Yayanta Yazid har ya sa mani suna, wai Alhaji Ƙit.

Ina cikin wannan saƙe-saƙen na ji sallama. Na ɗaga kai, ga Inno da lema mai karyayyen ƙarfe, ta yafa tsohon mayafi ruwan ƙasa, bayanta Mardiya cikin hijabi ruwan zuma wanda gefensa ya jiƙe, atamfa kore ta leƙo ta ƙasa, ga silifas duk laka. Ko kallona ba ta yi ba. Akuya suka kawo kasuwa, Inno ta ce sai sun biyo.

"Ina angon nawa marowaci?" Inno ta ce tana zama a bencinmu ba tare da an ce ta zauna ba. "An ce mani ko kiran minti ɗaya ba ka iya yi."

Na durƙusa na gaishe ta. Abokin aikina Munzali, wanda ya girme ni kuma ya fi ni sanyin kai, ya sunkuyar da kai yana dariya.

"Inno, ba ni wayar nan. A gabanku zan kira."

Ta kwance bakin zane ta fito da ita a cikin leda. Tsohuwar waya ce mai shafawa, gilashin ya tsage ta kusurwa. Na ajiye ta kan tebur na kira. Tawa tana ringin a kunnena, ta Inno shiru kamar dutse. Can fuskar wayar ta yi ɗan haske. Can ta yi wani kuka rabi. Kafin wurin amsawa ya fito, kiran ya katse.

Na dubi Mardiya. Ta gyara hijabi, ta ce wa bango, "To ai ni ban sani ba."

"Ki bari in ba ki wata," na ce wa Inno. "Akwai mai kyau nan, yau ɗin nan."

Fuskarta ta canza, wasan ya tafi. "Kul. Gidan malamai ne. Ko tsinke ba ya shiga gidanmu daga hannun saurayi kafin manya su zo su zauna. Hakanan uban Sabi'u ya bar mana. Gyara dai gyara ne, wayata ce, na kawo wa mai gyara. In za ka iya, bismilla. In ba ka iyawa a kai wa wani."

A kai wa wani. A garin nan.

Bari in yi maku bayani yadda na yi wa Inno, don nan ne abin alfaharina yake. A cikin kowace waya irin wannan akwai wani ɓangare na manhaja da muke kira kanel. Shi ne sarkin tasha. Shi ke cewa wannan aiki ya shiga, wancan ya jira layi, shi ke cewa ma'aikata su kwanta don a adana batir, shi ke tayar da su. Yawancin masu gyara ba sa taɓa shi, sai dai su canza gilashi da bakin caji. Ni kuwa rashin zama wuri ɗaya ya sa na daɗe ina buɗe shi a tsohuwar kwamfutar shago, ina lalata wayoyin da masu su suka yafe, har na iya sauya shi in ɗora nawa.

"Wayarki barci take mai nauyi, Inno. Kira ya zo, sai an tashe ta, ta yi miƙa, sannan ta tarar da wasu ayyuka sun riga shi layi. Kafin a zo kansa ya yi fushi ya tafi."

"Irin Yazid ke nan da asuba. To hana ta barcin."

"Ana iyawa. Sai ta zama mai gadin da ba ya runtsawa, ko ganye ya motsa ta ji. Amma cajin da ke kai maki kwana biyu, kafin azahar ya ƙare."

"A'a. Mu da sai an aika wajen mai sola? Ka san layin da ake yi? Sake wata."

"Akwai ta biyu. A bar ta ta yi barcinta, amma a gajarta wa kowane aiki lokacinsa, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa a saki na hannu a saurare shi. Kamar mai shayin da ko wa ya kira sai ya bar ƙwai a wuta ya juya. Kowa zai ji an amsa mashi da wuri, sai dai ƙwan..."

"Karatun Inno fa?" Mardiya ce, karo na farko da ta dube ni. "Tana jin karatun Alƙur'ani a ciki kullum da hantsi. Shi ma za a riƙa sakinsa?"

"Yana iya ɗan sarƙewa."

"To kada ka taɓa shi." Ta faɗa a hankali, amma irin faɗar da ba a ɗaukaka ƙara.

Munzali ya ajiye abin da yake yi. "Bilya, waɗanda suka ƙera ta ba wawaye ba ne. Sun san mai irin wayar nan caji ya fi damunsa da sauri, shi ya sa suka bar ta hakanan. Duk inda ka ja bargon nan wani wuri zai buɗe."

"Na sani. Ni dai in zaɓi inda zai buɗe."

"Ɗan nema," Inno ta ce, ta miƙe tana karkaɗe mayafi. "Ranar Asabar ina Kurfi, sunan jikar ƙanwata. Ka kawo mani can. Ka lalata mani ita kuwa, na fasa auren."

Da za su fita Mardiya ta ɗan tsaya a bakin ƙofa kamar tana gyara silifas. "Baba ya sake tambayata shekaranjiya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ce ina istihara." Ta bi bayan Inno cikin yayyafi.

Kun san halina. Abin da aka ce kada in yi, sai na ga da idona. Na kwashe duk abin da ke cikin wayar na adana, na fara da hana ta barci. Kai, jama'a! Kira na shiga tana ɗauka. Amma kafin mu ci abincin rana bayanta ya yi zafi kamar ƙosai daga kasko, batir na zuba kamar tulu mai huda. Munzali ya taɓa ya janye hannu, ya ce in ba shi ya gasa masara.

Na sauke, na ɗora ta biyu. Nan ma kira ya yi sauri, ko da bai kai na farko ba. Na kunna karatun Inno in gwada, na turo saƙonni daga tawa. Duk saƙon da ya shigo sai muryar mai karatun ta yanke ta dawo, kamar mai shaƙuwa. Na yi istigfari na kashe da sauri. Da Inno ta ji wannan, ko kabarina ba za ta zo ba.

Ranar Alhamis na wuni ban karɓi aikin kowa ba. Wani ya kawo waya ba ta caji, na ce ya ba Munzali. Mahaifiyata ta aiko in zo in kai mata niƙa, na ce ina tafe, ban tafi ba. Ina ta juya abin a kaina har na tuna zamanin da nake kabu-kabu. Akwai wani Alhaji Sodangi da yake biyan ɗayanmu ya zauna a ƙofar gidansa kawai, kada ya ɗauki kowa, don in matarsa mai ciki ta tashi a tafi nan take. Muna yi mashi dariya, babur a ajiye ga fasinja na wucewa. Amma ranar da aka buƙace shi, ko takalmi ba a jira ba.

Wayar Inno ma'aikata huɗu ne a ƙwaƙwalwarta. Na ware ɗaya na ce kai ba ruwanka da kowa, kira da karatu kawai, kuma ban yarda ka yi barci mai nauyi ba, gyangyaɗi kawai. Sauran ukun su kwashi duk ragowar aikin, su yi barcinsu yadda suka saba. Faɗarsa a baki sauƙi. Sau nawa wayar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ta tsaya baƙa ƙirin, ban ƙirga ba. Sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta tashi lafiya. Na kunna karatu, na yi ta turo saƙo, murya ba ta ko girgiza ba. Na bar ta ta yi shiru ta huce, na kira.

Ban gama ɗora tawa a kunne ba ta Inno ta fasa kuka.

Munzali ya daɗe yana kallonta. "Shege," ya ce. A bakinsa wannan lambar yabo ce. Sannan ya ɗauka ya shiga dube-dube, don shi aikinsa ke nan, neman inda bargo ya buɗe. Kyamara sai ta yi dogon tunani kafin ta buɗe. Caji ya ragu, na kwana biyu ya koma kwana ɗaya da wuni. Rediyo kuwa ƙememe ta ƙi, kanel ɗina bai san da zamanta ba, na yi na yi na kasa.

Asabar na sa shaddata ruwan toka, wadda ɗinkin wuyanta ya ɗan saki amma sai an matso ake gani, na kafa hula, na hau babur ɗin Munzali zuwa Kurfi. Hanya ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo. A ƙofar gidan suna na aika a kira Inno, ta fito zaure da lalle a hannu, Mardiya na biye da ita cikin leshi ruwan hoda da ɗan kwalli. Wasu mata uku suka leƙo, wai sun zo ɗaukar tabarma.

Na fara da abin da ya ɓaci, don kada a ce na ɓoye. "Inno, karatunki lafiya lau. Caji ya ɗan ragu. Hoto sai an yi haƙuri. Rediyo kuma ta tafi."

"Ta tafi ina?"

"Ba ta yi yanzu. Na kasa."

Na ga abin ya taɓa ta. Sannan ta taɓe baki. "Da ma mi take faɗa mani in ba wane ya rasu, wance ta rasu ba? Duk sa'o'ina ta ƙarar. Gwada mu gani."

Na sa mata a tafin hannu na danna kira. Ƙarar ta tashi nan take, Inno ta zabura har ta kusa yar da ita, matan nan suka kwashe da shewa. "La ilaha! Aljani ka sa mata?" Inno ta ce. Mardiya ta rufe baki da gefen gyale, amma idanunta sun tona ta. Da zan tafi ta rako ni taku biyu.

"Alhaji Ƙit ya tuba ke nan."

"Alhaji Ƙit bai taɓa laifi ba. A faɗa wa Yazid ya nemo wani suna."

"Sai ka kira," ta ce. "Bayan la'asar."

Na dawo Dutsin-Ma ina jin kamar ni na shimfiɗa kwaltar.

Abin da ban sani ba, sai daga baya Inno ta ba ni labari, shi ne washegari Malam Sabi'u ya kira mahaifiyarsa daga gona, kiran da ya saba yi sau uku kafin a dace. Bugu ɗaya ta ɗauka. Da ya dawo gida ya ce a ba shi wayar nan ya gani, wane ne ya yi wannan aiki. Ya zauna a zaure yana juya ta a hannu, Mardiya na tsakar gida tana tankaɗe, ba ta da hanyar da za ta ce mani kada in kira.

Ni kuwa a ranar ina idar da la'asar na zauna kan benci, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na danna. A da, da wayar ta yi nauyin barcinta har kiran ya mutu, Malam ya ga lamba kawai an rubuta Mai Gyara. Amma ai na gyara ta. Ko ringin ɗaya ba ta cika ba aka ɗauka, ni kuma ban jira murya ba.

"Mardiyata, kin ga aikin maza?"

"Wa alaikumus salam," wata murya mai kauri ta ce, "duk da ba ka yi ba."

Jama'a, ƙafata da kanta ta sauko. Munzali ya ga fuskata ya gane, ya shiga yi mani alama da hannu a wuya, katse, katse, ce kuskuren lamba ne. Na yi tunanin hakan, ba zan yi maku ƙarya ba. Sai na tuna an riga an kira ni mai ƙit sau ɗaya a gidan nan ba da laifina ba. In na katse yanzu, sunan ya zama nawa na halak.

Na zame daga benci na durƙusa a kan simintin shago, waya a kunne, mutane na wucewa suna kallo.

"Assalamu alaikum, Malam. Allah ya gafarta Malam. A yi mani afuwa."

"Da wa nike magana?"

"Bilyaminu ne, ɗan Malam Atiku mai faci, nan Dutsin-Ma. Ni na gyara wayar Inno."

"Da gyaran ne aka haɗa maka da sunan ɗiyata?"

"A'a, Malam. Sonta nike, da aure. Na so a ce manyana suka fara faɗa, bakina ya riga su."

"Bakinka da wayarka duk saurinsu ɗaya." Ban san ko dariya ce a ƙarƙashin maganar ba. "Karatu fa?"

"Boko aji biyu na tsaya. Allo ina zuwa da asuba har yanzu, ban yi nisa ba. Sana'a kuwa ga ta a hannun Malam."

"Na gani. An ce ka kashe mata rediyo, caji kuma ya ragu."

"Hakanan ne. Saurin ba kyauta ba ne, Malam, dole a cire daga wani wuri. Na zaɓi inda zai fi sauƙi, na kuma faɗa wa Inno kafin ta tambaya."

Ya yi gyaran murya. Na ji ya ɗaga murya ya ce, "Mardiya! Zo nan." Na ji takun silifas, na ji sallamarta can ƙasa.

"Ga wani a waya, Bilyaminu. Kin san shi?"

Shiru.

Da a da ne sai in ce wayar ce. Yanzu kuwa ni da hannuna na cire duk wani jinkiri da ke cikinta, na san wannan shirun nata ne ita kaɗai. Gwiwata na kan siminti, gumi na bin bayana, Munzali ya daina alama ya tsaya da ƙarfen gyara a hannu.

"Na san shi, Baba."

"Istiharar da ake ta yi, shi ne?"

Wannan karon ba ta jima ba. "Shi ne."

"To." Malam ya dawo kaina. "Ka faɗa wa mahaifinka ina zaure kowace Juma'a bayan an sauko. Amma ka ji da kyau. Wayar nan ta dawo aljihuna daga yau, tun da ita ce mai jin kira a gidan. Kafin manyanka su zo, in ka kira, ni za ka samu. Kuma ka riƙa fara sallama."

Ya katse. Na daɗe a durƙushe kafin na tuna ba kowa a gabana sai kwalin tsofaffin caja. Munzali ya miƙo mani hannu ya tashe ni, ya ce in je in wanke fuska kafin in tunkari mahaifina, don kamar wanda aka tsamo daga dam nake.

Ga lissafin abin da ya tafi, ba ƙari: rediyon Inno, saurin kyamara, rabin kwana na caji, kwastoma biyu da suka gaji da jirana suka koma shagon gaba, wayar kanta da ta bar hannun Inno, da muryar Mardiya bayan la'asar har ranar da Babana zai sa babbar rigarsa ya je zauren Malam. Shida ke nan.